La'asar a Bakin Tekun Kwatano

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Na durƙusa ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, Ya sa kina cikin ni'ima. A al'adar wasiƙa nan ne ake tambayar lafiya da gajiya, amma ke kin wuce wannan. Don haka zan shiga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A wannan vakansi, wato hutun makaranta, na kai Baba ziyara Kwatano, kuma saura ƙiris ɗayanmu ya dawo Gaya shi kaɗai.

Kin san amanar da kika bar mini. A gadon asibiti, fuskarki na kallon bango, kika ce, "Ke, ki kula da mutumin nan. In ya ga ruwa ba ya jin magana." Ba ki kira sunansa ba don miji ne, ba ki kira nawa ba don ni ce 'yar fari. Haka muka rayu a gidan nan, ni ce "ke", ni ce "'yar nan", ni ce "waccan malamar lakwal". Kunyar ta kai tun ina yaye kuka miƙa ni ga Gwaggo a Junju, inda ruwa sai na rijiya. Shi ya sa ga ni 'yar masunci, amma ko ƙadangare ya fi ni sanin ruwa, ban iya iyo ba har yau.

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗinki Baba ya rataye komarsa. Jirginsa yana kife a bakin gulbi, awaki na kwana a inuwarsa. Shi kuma sai ya zauna ƙarƙashin mangwaron nan daga hantsi har yamma yana kallon ruwa na wucewa. In na tashi daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, na kai masa tuwo, sai kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi, da saƙon a gode wa wadda ta dafa, sai ka ce ba ni ce a tsaye ba. Bari in faɗa miki a fili, Inna, tsoro nake ji. Gani nake mutumin nan ya naɗe tabarmarsa daga duniya, lokaci kawai yake jira.

Ana cikin haka Baba Isufu ya kira ni a talho. Kin tuna shi, abokin kamun kifin Baba na ƙuruciya, wanda ya bar gulbi ya koma tuƙin manyan motoci, har ya yi gida a Zangon Kwatano. Ciwon ƙafa ya hana shi zuwa ta'aziyyarki, abin yana cin ransa. Ya ce zumunta a ƙafa take, shi kuwa tasa ƙafar ta ƙare, don haka in kawo masa abokinsa ya gan shi.

Na yi zaton sai na sha fama kafin Baba ya yarda. Mutumin da ko Doso ba ya son kwana. Amma ina faɗa ya amsa, ya ce dama yana son ganin inda ruwa ke ƙarewa. Wannan saurin amsawar ta fi ƙin amsawa tayar mini da hankali. Ana gobe tafiya ya sauke komarsa mai kyau ya ba maƙwabci kyauta, ya bi gida gida yana neman gafara kamar mai tafiya hajji, sannan ya je kabarinki ya daɗe. Na ga duk wannan, amma da wane baki 'yar fari za ta tambayi ubanta abin da yake nufi?

A jirgi muka tsallaka Malanbil, daga nan muka hau kar, babbar motar fasinja. Ya zauna gefen taga, na zauna a bayansa, don ba zai yiwu kafaɗarmu ta haɗu ba. Muka wuce Kandi, muka wuce Paraku, ƙasa na ƙara kore, itatuwa na ƙara tsawo. Mata na ɗaga abarba da doya a bakin hanya. Duk abin da na saya na miƙa, sai ya karɓa ya ba na kusa da shi. Hanya mai tsawo haka, ƙeyarsa kawai na kalla.

Da kin ga haɗuwarsu da Baba Isufu, da kin yi dariya kin yi kuka. Tsofaffi biyu sun riƙe hannun juna sun ƙi saki, wannan na cewa wancan ya tsufa, wancan na cewa ai gara shi. Matarsa, Iya Rabi, ta yanka kaji, ta soya kifin teku, ta yi mana har da kopto, kwaɗon zogalen nan namu, don kada mu yi kewar gida. Baba ya gutsuri loma biyu don kunyar masu gida ya wanke hannu. Iya Rabi ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Sai aka shiga yawon buɗe ido da mu. Baba Isufu da sandarsa ya dage sai ya nuna wa abokinsa komai, wai gani ya kori ji. Muka shiga babbar kasuwa, wadda in ka saki hannun ɗan'uwanka sai dai ku haɗu a gida. Muka ga 'yan kabu-kabunsu masu rawayar riga, sun fi ƙudan kasuwar kifi yawa. Aka kai mu gaban wani mutum-mutumi na mace jaruma mai tsawon bene, Baba ya ɗaga kai hularsa ta faɗi, ya ce ko ba komai ta fi maza da yawa tsayuwa. Daga nesa muka hango jiragen ruwa masu girman unguwa. Ni ina ɗaukar hoto, amma rabin idona yana kansa.

Ranar da muka je Ganbiye, garin nan da aka gina bisa ruwa, na ɗan samu sa'ida. Gidaje bisa turaku, kasuwa cikin jirage, har masallaci ruwa na wucewa ƙarƙashinsa. Baba ya miƙe zaune, ya soma kushe yadda mai jirginmu ke riƙe filafili. Kin san in ya fara kushe aikin wani, to lafiya ta samu. Amma muna saukowa sai ya ce wannan ai tafki ne, ina babban?

Baba Isufu ya yi ta ja da kai mu bakin teku. Ya ce damina ce, lokacin da teku ke fushi, 'yan gari ma ba sa wasa da shi. Baba ya yi dariyarsa ta farko tun rasuwarki, ya ce wai yau shi ake koya wa ruwa. Nan na tuna maganarki da kike yi duk lokacin da ya fita su a jan ruwa: "Ruwa gwani yake ci." 

Mun isa da la'asar sakaliya. Inna, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ruwa ba shi da wancan ƙetare, yana tasowa fari fat ya doki ƙasa ya koma. Gefe guda wasu masunta na jan igiyar taru suna waƙa. Baba Isufu ya kasa taka yashi da sandarsa, ya zauna can baya ƙarƙashin itatuwan kwakwa, yana ɗaga murya kada mu wuce busasshen yashi.

Baba bai ko waiwaya ba. Ya gangara har bakin ruwa, ya yi abin da yake yi wa kowane sabon ruwa, ya yi sallama, ya kamfata ya kai baki. Ya tofar, ya tsaya yana nazari. Ya ce wannan ruwa ba shi da alƙibla, bai san inda za shi ba. Sannan ya yi alwala da shi, ya warware rawaninsa ya shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen yashin nan mai tauri, kamar yadda ya saba a tsibirin gulbi, ya ta da salla.

A gulbinmu, inda ruwa ya tsaya da safe nan za ka same shi da yamma. In zai hau, sai ya ɗauki makonni yana sallama. Abin da Baba ya sani ke nan tun yana yaro. Shi teku hawa yake yana sauka a yini guda, kuma a lokacin hawa yake. Ni ma ban sani ba sai da na ga kumfa ta taɓa inda ɗazu yake a bushe.

Ya fuskanci gabas, teku na hannun damansa. Igiyar ruwa ta farko ta lashi gefen rawanin ta koma. Ta biyu ta tafi da takalmansa. Na yi tafi kamar yadda mata ke yi in liman ya yi mantuwa. Na ce subhanallahi da ƙarfi. Na kira Baba, Baba, ƙarar ruwa ta haɗiye muryata. Ya yi ruku'u a natse, ya tafi sujada, ya daɗe irin daɗewar da ya koya tun bayanki.

A nan ne abin da nake tsoro tun daga Gaya ya tsaya mini a ƙirji. Bai sani ba ne, ko ya sani bai damu ba? Komar da ya bayar, gafarar da ya nema, kabarinki. Na dubi baya, Baba Isufu ya miƙe yana kaɗa sanda, amma kafin ya iso an gama komai. Ba a gitta gaban mai salla. Ba a ɗaga mai sujada. Ni kuwa tunda nake, hannuna bai taɓa taɓa jikin mahaifina ba.

Sai na yi abin da ya zo mini, wanda ba dabara ba ce. Na je na tsaya a damansa, tsakaninsa da teku, na ba ruwa baya, na buɗe hijabina, wai ni ce katanga. Kin ji wauta, Inna? Malamar da ke koya wa yara taswirar duniya ta tsaya za ta tare teku da yadi biyu.

Ban ga wadda ta buge ni ba. Na ji dai ƙafafuna sun bar ƙasa, gishiri ya cika mini baki da hanci, hijabi ya naɗe mini fuska. Da ruwan ya juya zai koma, sai ya ja ni kamar ana jan tabarma daga ƙarƙashin mutum. Na kafa yatsu a yashi, yashin ma tafiya yake. Na yi salati. Abin da ya zo raina shi ne na kasa riƙe amanarki.

Cikin wannan rugugin na ji shi. "Ramatu!" Da muryar da yake kiran jirgi daga wancan ƙetare. "Ramatu, miƙo hannu!" Wallahi Inna sai da na yi jinkiri, don ban gane muryar da sunan a haɗe ba. Sannan na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ya durƙusa cikin ruwa har ƙirji, gwiwarsa a kafe cikin yashi, ya riƙe ni bai saki ba har wata igiyar ta rufe mu duka. Masuntan nan ne suka sheƙo da gudu suka jefa igiya, suka fisgo mu tare kamar kifi biyu a ƙugiya ɗaya.

Mutumin da bai taɓa yanke salla ba, ko ranar da dorina ta taso kusa da jirginsa, ya yanke ta. Muna kwance a busasshen yashi ina amayar da ruwa, shi yana haki, har lokacin hannunsa na kan nawa. Da ya lura sai ya janye da sauri ya kau da kai. Ya tashi ba takalmi ba rawani, ya tafi can bayan itatuwan kwakwa, nesa da ruwa sosai, ya sake la'asar daga farko.

A gida Iya Rabi ta gasa mini jiki tana faɗa, Baba Isufu yana yi wa abokinsa tas. Da aka kawo abinci Baba ya ce a fara ba 'yar nan mai zafi. Na koma "'yar nan", kin ji. Amma ya jawo kwanonsa ya cinye, har ya nemi ƙari. Na juya fuska bango na yi kukan da ban yi ba a bakin teku.

Ban tambaye shi ko ya san ruwan na hawa ba, kuma ba zan tambaya ba. Abin da na gani shi ne, ranar dawowa, da za mu tsallako daga Malanbil, ya sa mai jirgi ya zaunar da ni a tsakiya, shi ya zauna daf da ni yana harare-hararen ruwa har muka taka ƙasar Gaya. Shekaranjiya ya je wajen maƙwabci ya ari komar da ya bayar kyauta, ba kunya ba tsoron Allah. Ya kori awaki ya birkice jirginsa yana toshe ɓarakar. Ya kuma aiko a gaya wa waccan malamar cewa in ruwa ya janye ta zo bakin gulbi, ba a girma a gidan masunci ba a iya iyo ba.

Innata, na daɗe ina jin haushin da ban faɗa ba, cewa kin tafi ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Yanzu na sauke shi. Na gane ajiye shi kuka yi, ku biyun, inda ake ajiye abin da ba a so ya tsufa. Shi ya fito da nasa ranar da ya ga zan tafi. Na san da ke ce a wurin, da kin riga shi.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ruwan da ba ya cin kowa. Allah Ya bar mana Baba, Ya ba ni ikon riƙe amanarki har ƙarshe, Ya haɗa fuskokinmu a gidan da babu rabuwa. In mun haɗu, kada ki kalli bango, ki kira ni sau ɗaya.

Taki har abada,
'yarki ta fari,
Ramatu