Ƙaramin Jirgi Kusa da Babba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya ruwan Fatakwal? Yaya jikin Malam, da yara? Mu nan Daura lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Kan ɗan farinki Sadiku nake rubuto miki. Ya dawo daga jami'a jiki a sanyaye, malamansa sun ce ya sake aikin kammala digirinsa. Tuwo ma sai na tsaya a kansa yake ci.

Jiya ina tsintar wake na tambaye shi abin da ya gagara. Ya ce a kan na'urar rada yake aiki, wadda ke aika sigina sama, ta bugi jirgi ta dawo kamar amsa-kuwwa. In jirage biyu suka kusanci juna, amon babban yakan bazu ya rufe na ƙaramin. Shi yana neman irin siginar da za ta rage bazuwar, a ga kowanne daban. Ya ce, "Inna, ƙaramin yana nan, ba a ganinsa ne kawai."

Can sai ya tambaye ni ko kin ambace shi a wasiƙarki ta murnar jarrabawar ƙanensa. Na ci gaba da tsintar wakena, don ba ki ambace shi ba.

Yaya, na san kunyar ɗan fari ce. Amma ki rubuto masa tasa takardar, ko ba ki sa sunansa ba. Zai gane.

A gaishe da Malam, a sa yaron a addu'a. Sai dai ki fara da takardar.

Ƙanwarki,
Binta