Tsuntsun da Umma Ta Ƙi Bari

Zuwa ga Yaya Pil-gu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Hye-ran da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ciwon bayan nan naka ya lafa kafin sanyin Kanada ya kankama. Mu nan kalau muke. Maigidana Man-ho ya gyara injin jirginsa, an yanke shinkafa, kabeji ya yi kyau bana har Gwaggo Bun-nye ta fara zancen ranar haɗa kimchi, tsimin kabejin da za mu ci da sanyi. Umma ma tana lafiya. Na sa wannan a gaba ne don kada gabanka ya faɗi, domin abin da ke tafe na kasa faɗa maka a waya.

Ka san Umma ba ta yarda da agogo a kan lakar da teku ke bari in ta janye ba. Tun muna yara tsuntsaye take kallo: in suka tashi daga bakin rafi suka yo tudu, to teku ta juyo, a kwashe komak, 'yan katantanwar tekun da aka tono, a gudu. Yanzu idonta ba ya ganin ƙananan. Sai ga shi watan jiya fararen nan masu baƙar fuska da baki kamar ludayi sun sauka, su biyar, waɗanda take kira masu-dama-ruwa. Sau ɗaya muka taɓa ganinsu, ranar da caɓi ya cinye maka takalmi ka sha duka. Mutanen jami'a sun zo da manyan tabarau, wai a duk duniya 'yan kaɗan suka rage. Wannan bai dami Umma ba, ita dai ta samu agogo babba fari da take hangowa daga nesa. Na'urar ƙara jin kunne da ka aiko mata kuwa a akwati take barinta, wai ba za ta bari laka ta ɓata kayan ɗanta ba.

Ranar Talata muka fita mu goma sha ɗaya, kowace da gwiwa ɗaya a kan katakonta tana tura laka da ɗayar ƙafar. Umma da shekarunta saba'in da takwas ta wuce mu duka zuwa rafin ƙarshe, tana yi wa Gwaggo tsiya wai ta rage cin shinkafa, katakon nan kuka yake a ƙarƙashinta. Bayan tsakar rana hazo ya taso daga teku, ko hannunka da ƙyar kake gani. Gwaggo ta buga garwa, alamar a koma. Ni na ɗauka Umma tana gabana. Sai da muka hau tudu na ƙirga kawuna, na samu goma.

Yaya, ka san wannan muguwar tazarar, lokacin da ruwa ya isa hana katako tafiya amma bai isa ɗaga jirgi ba. A cikinta muka faɗa. Na juya zan koma, Man-ho ya riƙe ni ta baya, na gartsa masa cizo a hannu, har yau shaidar tana nan. Minti arba'in muna tsaye muna kallon ruwa yana lasar gindin jirgi. Na kira sunanta har muryata ta dushe, alhali na san kunnuwanta suna gida cikin akwati. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Abin da ke yawo a raina kawai shi ne da wane baki zan gaya maka na dawo tudu na bar uwarmu.

Da jirgi ya tashi muka bi sandunan gora na masu raga ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai muka same ta. Ta ɗaure kanta jikin sandar da ɗamararta, ruwa ya kai mata ƙirji, leɓɓanta sun yi shuɗi. Katakon ya tafi. Bahon komak yana yawo kusa da ita ta riƙe igiyarsa da haƙori, ta zubar da duk abin da ta tono, ta saka ɗaya daga cikin fararen tsuntsayen nan a ciki. Ashe huɗu sun tashi cikin hazo ba ta gani ba, ɗayan kuma zaren fatsa ne ya naɗe masa ƙafa da sanda. Ita tana ganin farin abu a tsaye, ta ci gaba da tono, wai ai da sauran lokaci. Da Man-ho ya ciccibo ta, abin da ta fara cewa shi ne wai surukin nan nata ko a biki ba ya zuwa da wuri, kuma a yi hankali da baho.

Kwana uku ta yi a asibiti. Tsuntsun yana hannun mutanen jami'a, sun ce zai yi tafiya. Kowa a ƙauye yana dariyar labarin, ni kuwa na kasa, saboda abin da ta gaya mini ina taje mata gashi. Ta ce lokacin da ta matsa kusa ta ga zaren, ta gane ruwa ya juyo, kuma da ta juya a lokacin da ta fita lafiya. Da saninta ta tsaya kwance shi. Na tambaye ta dalili, har da faɗa. Ta ce 'yan'uwansa duk sun tashi sun bar shi shi kaɗai yana fizgar ƙafa, ita kuwa ta san yadda wannan yake.

Ban saya mata wani katako ba, na kuma roƙi kafinta kada ya yi mata. Jiya da safe na tarar ta sauko da tsohon katakon Baba daga saman rumbu tana goge shi da tsumma. Wai sauran huɗun suna nan, agogonta bai lalace ba. Babbar janyewar ruwa tana ranar sha biyar ga watan sama, kuma na san ranar za ta koma laka. Ni ba ta jin maganata, cewa take ita ta koya mini tura laka. Kada ka aiko da wata na'ura, Yaya, akwatin ya cika. Shekara shida ke nan rabonka da gida. Ka zo da kanka.

Ka gai da Anti Hye-ran, ka ce barkonon da ta nema yana hanya. Ka gai da yara, Tae-yun da Ji-an. Man-ho da Gwaggo Bun-nye suna gaishe ka. Umma ba ta san na rubuto ba, da ta sani cewa za ta yi kada a dame ka, kana da aiki.

Ni ce ƙanwarka,
Nam-suk