Ni Na Tura Wa Baffa Bidiyon Nura

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, na aikata abin da na kasa faɗa wa kowa.

Ni ɗan Kano ne, shekarata takwas a Guangzhou. Karatu ya kawo ni amma ban gama ba, kasuwa ta ja ni. Aikina yanzu in raka 'yan kasuwarmu kasuwar Zhanxi Lu su sari takalma, in yi musu tafinta, in bi kayan har a loda su a tashar jirgin ruwa ta Nansha. Ba yabon kai ba, a harkar takalmi ni ake nema. Shekara uku da suka wuce ɗan baffana, bari in kira shi Nura, ya samu sukolashif a wata jami'a a nan. Ranar da zai taso Baffa ya kira ni ya ce, "Ga amana nan, kai ne idona a kansa."

Da ya iso na tambaye shi me zai karanta, ya ce digiri ne mai haɗe biyu, Turanci da kimiyyar wasanni. Wallahi sai da na yi dariya har da hawaye. Mutum ya baro Kano ya zo China koyon Turanci, a kuma haɗa masa da guje-guje da tsalle-tsalle! Ya roƙe ni kar in faɗa a gida, don Turancin kawai ya gaya wa mahaifinsa, shi Baffa duk abin da aka ce wasa a ciki to shashanci ne. Na yi masa alkawari.

Abin ya fara ne ranar da ya biyo ni kasuwa lokacin hutu. Wani Alhaji ɗan Kumasi zai sari kambas, har mun kusa gama ciniki, sai Nura ya ɗauki ƙafa ɗaya ya lanƙwasa, ya danna dunduniyar, ya ce wannan a tsakiya yake karyewa ba wajen yatsu ba, duk wanda ya yini da shi sai tafin ƙafarsa ya yi ciwo. Lawban, wato mai shagon, ya tsaya yana kallonsa, sannan ya shiga ciki ya fito da wani samfurin da ban taɓa sanin yana da shi ba. Shekara shida ina shiga shagon nan. Ranar ko shayi Nura aka fara zuba wa.

Daga nan shi ke nan. In an sauko daga Juma'a dattawa zagaye shi suke yi, wannan ciwon baya, wancan gwiwa, shi kuma yana nuna musu yadda za su riƙa motsa jiki. Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe yana sallah a kan kujera, bayan wasu watanni muka gan shi yana sujada, ya riƙe hannun Nura yana sa masa albarka a gaban jama'a. Wasiƙar kamfanin shifin, masu jigilar kayanmu, ma shi ake kai wa ya gyara Turancin. Kwastomomina in sun sauka, ko gaisawa ba mu gama ba sai in ji, "Ina Malam Nura?" Malam! Ni fa na koya masa riƙe tsinken cin abinci. Ba zan ɓoye muku ba, hassada ce ta kama ni, irin wadda in aka yabe shi sai in ji abinci ya fita raina. Abin da ya fi ci min rai shi ne zai koma gida da kwalin digiri, ni ba ni da shi.

Watan jiya Baffa ya kira yana tambayar yadda karatun Nura yake tafiya. Da na ce lafiya lau da an wuce wajen. Sai na ji bakina ya ce, "To Baffa, ni dai kullum a fili nake ganinsa." Na kuma tura masa wani bidiyo da Nura da kansa ya turo min, yana sanye da gajeren wando, usur a baki, ɗalibai maza da mata suna gudu a gabansa. Na san jarrabawa ce yake yi, amma ban faɗi haka ba.

Baffa ya kira shi ya yi masa tatas, ya ce ya tattaro ya dawo ƙarshen watan nan ya zauna a shago, in ya ƙi kuma ba shi ba shi. Bai gaya masa inda ya samu bidiyon ba. Shekara ɗaya ta rage masa ya gama. Shi Nura wani abokin karatunsa ɗan unguwarmu yake zargi, har sun yi cacar baki sun daina magana, ina ji ina gani na yi gum. Kuma Allah ya yafe min, kwanakin farko daɗi na ji.

Jiya ya zo wajena duk ya faɗa, ya kasa ko cin abinci. Ya ce, "Yaya, kai kaɗai Baba yake jin maganarka. Ka san wahalar da nake sha a karatun nan, ka yi masa bayani." Na ce to. Ya ce ranar Asabar zai dawo mu kira shi tare, in sa wayar a sifika ya ji da kunnensa. Na san halin Baffa, ba ya rufa-rufa, ina buɗe baki zai ce ai kai ka turo min.

Jama'a ya zan yi? In riga in kira Baffa a ɓoye in gyara maganar, in roƙe shi ya rufa min asiri, wancan bawan Allah ya ci gaba da ɗaukar laifina? Ko in zaunar da Nura in gaya masa da bakina, in ya tsane ni shi ke nan? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa min da shawara. Yau Alhamis.