Antire-kushen Inusa

Iferwan

Zuwa ga Yaya Habsatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da dukan mutanen Tawa. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Mu nan sai godiya.

Yaya, shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake. Ɗanki Inusa, tun da ya samu aikin gyaran mota a Agadas ya ce min ya kama antire-kushe. Ni ban yi lakkol ba, ba na jin Faransanci, amma ko daga jin sunan kin san gidan manya ne: ga antire, ga kuma kushe, sassa biyu ke nan. Shi ya sa duk salla ba na barin motar Saidu direba ta tashi ba goron sallar Inusa a kai. Na aika katifa mai kauri da armuwar ta ajiye tufafi, na aika tapi na shimfiɗa a ƙasa da kujerun fata, da manyan tukwane saboda ranar aurensa. Bara har na haɗa da buhun albasa da na alkamar garkarmu, da cuku kwando guda.

To shekaranjiya ya kira ni a salula, yana tari yana inda-inda, wai don Allah bana kada in aiko komai. Ji min yaro! Wato ya shiga birni, kayan uwarsa sun zama na ƙauye, suna ba shi kunya gaban abokai. Wallahi ko tuwo ban iya ci ba. Layya ta matso, ni kuwa sai na ba shi abu. Me kike gani, gadon ƙarfe ko firigo na sanyaya ruwa? Da kaina zan kai, in ga idon da zai kalle ni da shi.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Suwaiba

Agadas

Yaya Habsatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan gida lafiya. Ban jira amsarki ba, na sayi gadon na biyo Saidu. Na iso lafiya, amma tir da abin da na tarar.

Ashe antire-kushe, Yaya, ma'anarsa ka shiga ka kwanta, shi ke nan. Ɗaki ɗaya ne tak, a gidan haya mai cike da mutane, bai kai rumbunki faɗi ba. Yare ne wannan, a yi wa akurki suna mai tsawo haka? Kuma duk shekarun nan ba wanda ya buɗe baki ya fassara min.

Da Inusa ya tura ƙofar, rabi kawai ta buɗu. Warin da ya fito ya buge ni sai da na dafa bango. Albasar nan ta ruɓe, baƙin ruwanta ya tsiyaye ya shige cikin tapi. Cuku ya yi tsutsa, farare ƙato-ƙato suna motsi cikin kwandon da na saƙa da hannuna. Ɓeraye sun huda buhun alkama, sun haihu cikin katifa, katifar da ke jingine a tsaye don ba inda za a shimfiɗa ta. Na ɗaga murfin tukunya, kyankyasai suka watso min a hannu. Na fita da gudu na yi amai a tsakar gida gaban mutane, ni da girmana.

Maƙwabciyarsa, wata baiwar Allah Fatuma, ita ta ba ni ruwa, ita kuma ta gaya min sauran. Tun bara ɗanki ba ya kwana a ɗakin, don ba wuri. A waje yake shimfiɗa kwali, kuma tun da masu iyali sun kama gefe mai kyau, shi gwauro sai ya samu bakin kwata, inda ruwan makewayi ke bi. Nan ya ci sanyin Agadas gaba ɗaya. Tarin nan daga nan ne. Likita ya ce ƙirjinsa ya kamu, in bai bar kwanan wurin ba kafin damina abin zai yi nisa.

Na tsare shi na tambaye shi me ya hana shi sayarwa ko bayarwa. Ya sunkuyar da kai, wai abin da uwa ta aiko da hannunta ba a fitar da shi daga ɗaki. Albasa fa, Yaya! Ƙato da gemu, yana kwance injin mota ya mayar, amma ya zauna yana yi wa ruɓaɓɓiyar albasa biyayya. Na rasa ko in mare shi ko in rungume shi. Ya rame, wuyansa duk jijiya. Gadon kuwa yana nan waje a rariya, bakin hanya, ko ƙofar gidan bai shiga ba.

Ki sa mu a addu'a.

Suwaiba

Agadas, ranar salla

Yayata,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi layya lafiya, ƙafar kuma da sauƙi.

Na karɓi saƙonki, wai in saya masa ƙaramin abu, agogo ko turare. Turare a ɗakin nan? Ɓarna ce kawai.

Ga abin da na yi. Na ɗaure hancina da ɗankwali, na kira mai amalanke. Katifa da tapi da buhuna aka kai juji, na tsaya sai da na ga wuta ta ci su. Armuwar da kujeru na ba Fatuma, tukwane na raba wa matan gidan, gado Saidu zai mayar. Inusa yana ta bi na yana cewa ko ɗaya dai a bar masa, na daka masa tsawa ya koma gefe. Na kankare daɓen da toka da sabulu har fatar hannuna ta saɓule, na shafe bango da farar ƙasa. Abin da na bari tabarma ce, da buta, da ƙusa ta rataye riga.

Yau da aka sauko idi ya shiga, ni ina biye ina ta faɗa. Ya ce bari ya gwada tabarmar. Ya miƙe ƙafafu, tafinsa har yana taɓa ƙofa, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. Ban kai ƙarshen maganata ba na ji minshari. Da rigar sallarsa, da hularsa.

Na ja masa ƙofa. Yaran gidan suna ta guje-guje da nama, ga masu shigowa barka da salla, kowa sai ya buga masa ƙofa. Wurin da zan zauna in tsare ƙofar guda ne, bakin kwatar nan. Nan nake zaune kan kwalinsa nake rubuto miki, ƙudaje na bi na, mayafi a hancina. Ni tun hantsi kawai, Yaya. Shi shekara ya yi.

Ba zan tashi ba sai ya farka don kansa.

Ki gaida Malam da yara.

Taki har kullum,
Suwaiba