Sunan da Aka Sa wa Baba a Musawwa

Misfala, Makka,
9 ga Muharram.

Zuwa ga yayata Hajiya Mairama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida Alhaji Yari da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Mai ɗakina Saudat ta ce in tambaye ki ko man da ta aiko ya yi amfani. Mu nan sai godiya. An gama aikin Hajji lafiya, ɗana Talal ya sami aiki a Jidda, matarsa Manar kuma ta sauka, an sami mace.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce, Yaya. Shi ya sa na ba Malam Lurwanu, da zai koma Damagaram, ya miƙa miki hannu da hannu. Ki karanta ke kaɗai.

Kafin Hajji aka sa wa tsohon gidanmu alamar rusau, muka shiga kwashe kaya. A ƙasan akwatin Baba na tarar da wani abu ɗinke cikin fata kamar laya. Da na farke sai na ga takarda da rubutun boko, da hatimi mai gicciye. Hatim, ɗan Baffa, yana wurin yana taya mu. Ya ce in kawo ya gani, ya ɗauki hotonta da wayarsa, wai don tarihi. Ban kawo komai a raina ba.

A Mina, wurin aikin hidimar alhazai, aka haɗa ni da alhazan ƙasashen Turai. Cikinsu akwai wani dattijo Bature, mutumin Italiya, sunansa Abdulilah, ya shekara talatin da musulunta, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Ranar jifa ta biyu na nuna masa takardar. Ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko ta wane ce. Na ce ta mahaifina ce. Sai ya ce, in ina so, mu bar maganar nan a inda take, don ba kowace ƙofa ake buɗewa ba. Na nace.

Ya ce takardar gidan marayu ce ta 'yan mishan a Musawwa, bakin tekun da mahajjata ke tsallakawa zuwa Makka, lokacin da Italiya ke mulkin ƙasar. An rubuta cewa an tsinci jariri namiji a ƙofar gidan, naɗe cikin shuɗin zane irin na mahajjatan yamma, aka yi masa wankan shiga addininsu, aka sa masa suna Davide Trovato. Ya ce Trovato a yarensu na nufin tsintacce. A ƙasarsu, can da, akwai wata 'yar taga mai juyawa a bangon irin waɗannan gidaje, uwa ta ajiye jariri ta juya ta, ba wanda ya ga fuskarta. Irin waɗannan yara ake ƙaga wa suna, wasu Esposito, wasu Proietti, wasu Trovato. Ya ce yau a wurinsu suna ne kamar kowane, akwai likitoci da malamai masu shi, amma tsofaffi in sun ji shi sun san wani kaka can baya ba a san ubansa ba. A ƙasan takardar an ƙara layi ɗaya da wani hannun dabam: yaron yana shekara biyar wani mahajjaci ya tafi da shi.

Yaya, Davide Trovato ai shi ne Dauda Tarbatu. Sunan da duk Misfala ta san mu da shi. Kin tuna an ce mana Tarbatu wani ƙauye ne kusa da Damagaram, har da aka kai ki aure can kika yi ta cigiyarsa ba ki samu ba, muna yi miki dariya? Ashe ba ƙauye ba ne. Ashe Malam Tsoho, da muka tashi muna kira kaka, ba shi ya haifi Baba ba. Ɗaukarsa ya yi a hanya. Dattijo Baturen ya riƙe hannuna ya ce jariri ba shi da laifi, kuma kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa. Na sani. Baba, mutumin da ya yi limanci shekara ashirin a zaurenmu, ba ya buƙatar shaidar kowa. Amma bakin mutane ba ya karanta littafi.

Kin san bara Hatim ya nema wa ɗansa auren 'yata Shahad, ita ta ce ba ta so, ni kuma ban tilasta ta ba. Tun daga nan gaisuwarsa ta canza. Da na dawo daga Mina na same shi na roƙe shi ya goge hoton. Ya yi murmushi ya ce wane hoto, ai waya takan cika. Sannan ya ce shi dai jinin Malam Tsoho ne, ba shi da abin ɓoyewa. Ban gaya wa kowa abin da Baturen ya karanta ba, Yaya. To ta ina ya sani?

Mako biyu bayan haka mahaifin yaron da aka sa wa rana da Shahad ya aiko ƙaninsa. Bai zauna ba, bai sha gahawa ba. Ya ce sun yi istihara, kowa ya tsaya inda Allah Ya ajiye shi. Saura wata guda ɗaurin aure. Shahad ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ninke kayan lefen ta mayar musu da hannunta, tun ranar ba ta fita ko ƙofar gida ba. A masallaci wani da muka shekara arba'in muna sahu ɗaya ya tambaye ni, yana kallon ƙasa, wai da gaske ne muna da dangi a Rum.

Shekaranjiya kuma mai unguwa ya kira ni. Ya ce wani ya kai wa hukuma takarda a kanmu, bai faɗi ko wane ne ba, ana so in je ranar Lahadi da duk takardun Baba na asali. Kin san da sunan Dauda ɗan Tsoho Baba ya sami zama ɗan ƙasa, kuma a kan wannan sunan katina yake, da na Talal, da na jaririyar da ko arba'in ba ta yi ba. Mai unguwa ya ce wataƙila tambaya ce kawai. Amma bai kalli idona ba. In an sare gindin bishiya, reshe ba ya tambayar dalili.

Saudat ta ce in ƙone takardar. Na kai ta har bakin murhu na fasa. Hoton yana hannun wani, ƙonawa ba za ta yi magani ba, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage na farkon Baba. Zan je ranar Lahadi in faɗi gaskiya, abin da Allah Ya rubuta ba ya gogewa.

Abin da nake roƙo a wurinki ɗaya ne. Ke kika yi jinyar Baba a kwanakinsa na ƙarshe, kuma na tuna ranar da ya sa muka fita duka ya bar ki ke kaɗai. Kin fito idonki ja, kika ce ba komai. In ya gaya miki wani abu, ko sunan mace, ko sunan gari, ki rubuto mini. Ba zan yi fushi ba don kin riƙe amana.

Jiya bayan la'asar na ɗaga hannu a Harami zan yi wa iyaye da kakanni addu'a, kamar yadda na saba tun ina yaro. Na ambaci Baba, na ambaci Malam Tsoho, don ko bai haifa ba, ya yi raino. Da na zo kan wadda ta haifi Baba sai bakina ya tsaya. Daga ƙarshe na ce, ya Allah, matar nan da ta fito neman ɗakinKa ta ajiye ɗanta a hanya, Kai Ka san sunanta, Ka gafarta mata.

Ki gaishe mini da Alhaji Yari, da Ruqayya da mijinta, da Shaima, da duk mutanen gida. Saudat da Manar suna gaishe ki. Ki sa Shahad cikin addu'a, ki sa mu duka.

Ƙaninki,
Abdulwasi'u Dauda