Marsiyyar Hajara

Daren Alhamis, 9 ga Sha'aban

Ƙafafuna sun kumbura, raina kuma a ɓace yake. Malam Yohanna na kwaleji ya gayyace ni taron waƙa da la'asar, wai a haɗa marubuta da mawaƙan baka. Aka haɗa ni da wani Labbo mai kalangu, kowa minti goma, don wakilin gwamnan soja yana sauri.

Na tafi da marsiyyar matata Hajara. Shekara shida ban taɓa rera ta gaban kowa ba. Na fara yadda aka koya mana: yabon Ubangiji, salatin Annabi, alaye da sahabbai. Ina baiti na ashirin Yohanna ya kaɗa ƙararrawa. Ban ko iso kanta ba! Wa ya taɓa auna waƙa da agogo?

Na koma na zauna. Labbo ya sunkuyo ya ce, "Baba, waƙar ga don wa ka yi ta?"

Na ce, "Iyalina, marigayiya Hajara ta Dundaye. Ina ruwanka?"

Sai ya miƙe ya saki kiɗa, ko bisimilla babu, ya shiga wasa ta: Hajara doguwa, mai tuwon da ke ciyar da unguwa. Jama'a suka ɗauki amshi.

Ƙarya zalla. Gajeruwa ce, tuwonta kuma kullum da gudaji. Waƙar ba ƙafiya, ba ma'auni.

Amma tun ranar jana'iza ban ji sunanta a bakin wani ba sai yau. Gobe zan neme shi ya gyara maganar tsawon. Ta tuwon kuwa, a bar ta haka.