Saƙon da ke mutuwa a hanya

Diffa, daren Laraba, lokacin tsinkar tattasai, 2008.

Falmata matar ɗana ke rubuta min, ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba.

Kwana uku ɗan nawa Bukar bai ci tuwon kirki ba. Wai mashin ɗinsu na rezo masu kai saƙo, na nan da na Damagaram sun ƙi gaisawa, shef ɗinsu na wurin aiki na ta yi masa faɗa. Yau ya shigo da dariya.

Na ce, "Sun shirya?"

Ya ce, "Inna, dama ba faɗa suka yi ba. Ba maƙwabta ba ne, akwai wasu mashin a tsakani. Ni na ba saƙon izinin zango ɗaya tak, sai ya mutu a tashar farko. Na ƙara masa zango, na kuma nuna wa na can hanyar dawowa."

Tun nan na tuna da nawa saƙon. Ƙanwata Hadiza tana Barwa. Shekara da shekaru wani mai kifi na Geskeru ke kai gaisuwata, ya kawo tata. Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Na aika ta bakin direbobi, shiru, sai na yi fushi na daina. Ban taɓa tambayar ta hannun wa za ta amsa ba.

Na ce, "Bukar, ƙara wa nawa zango."

Ya ce, "Juma'a in kai ki da mota."

Allah ya sa in tarar da ita. Falmata, aje bik ɗin, rubutun ya isa, na gaji.